Tambayi Bakanike: Bol ya ƙi shiga ramin shasi, in matsa masa ko in ƙyale?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina da fikof ne Hilux, ta hannu na saya kuma ta kwana biyu a hanya gaskiya, shine na sayo matakalar gefe da ƙarfen jan tirela na baya zan ɗaura da kaina tunda takardar da ta zo da kayan ta ce ba sai an huda komai ba, wai akwai ramuka masu tiredi a jikin shasi tun daga kamfani. To na shiga ƙarƙashi na ga ramukan kuwa, amma duk sun cushe da busasshiyar laka da tsatsa, bol sai ya yi zagaye ɗaya ko biyu ya cije, ko da sifana ba ya son tafiya. Wani abokina ya ce in sa masa bindigar iska ta ɗaure bol kawai zai buɗe wa kansa hanya, wani kuma ya ce a'a in sayi taf in sake yanka tiredin. Wanne zan bi a ciki? Na gode.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin na gode. Kafin mu je ko'ina, maganar bindigar nan ka ajiye ta gefe, kar ma ka je aronta. Abokin naka da zuciya ɗaya ya faɗa na sani, amma shawara ce da in ta yi kyau ka tsira da awa guda, in kuma ta ɓaci ka sayo wa kanka aikin kwana biyu, kuma ta fi yawan ɓaci.

Bari ka ji abin da ke bayan ramin nan da kake gani. Shasin irin waɗannan motocin a mafi yawan tsawonsa rufaffe ne ta gefe huɗu, ciki fayau, kuma bangonsa bai kai kaurin da za a yanka masa tiredi mai riƙe kaya ba, saboda haka abin da kamfani ke yi shine su liƙa noti ta ciki da 'yan ɗigon walda tun kafin a rufe ƙarfen, sai su bar maka ƙofar kawai. Waldar nan an yi ta ne don ta hana notin juyawa lokacin da ake ɗaure bol mai tafiya lafiya, ba a yi ta don ta jure dukan bindiga a kan bol ɗin da ya cije ba, balle kuma bayan shekaru tsatsa ta ci gindinta. Ranar da ta ɓalle za ka ji bol yana ta juyawa ba shiga ba fita, notin yana can ciki inda hannu ba ya kaiwa, to a nan ne mutum zai gane garin neman gira ya rasa ido.

Sannan akwai abin da nake so ka fara dubawa tun kafin ka zargi laka, domin yadda ka kwatanta, zagaye ɗaya ko biyu sai ya cije, wannan alamar ta datti ce amma kuma ita ce dai alamar bol ɗin da ba na ramin ba ne. Mutane da yawa kauri kawai suke dubawa, sun ga M10 ne ko M12 ne, wato kaurin milimita 10 ko 12, shikenan, alhali kowane kauri yana da tazarar zare, wato tiredi, fiye da ɗaya. M10 akwai mai tazarar milimita 1.5 akwai mai 1.25. M12 akwai 1.75, akwai 1.5, akwai 1.25. Motocin Japan irin taka sun fi amfani da mai ƙananan zaren, wato 1.25, yayin da bol ɗin da ake sayarwa barkatai galibi mai manyan zare ne, kuma ba abin mamaki ba ne a sako maka wanda bai dace ba a cikin kwalin kayan, musamman kayan da aka ce suna hawa motoci iri-iri. In motar ƙirar Amurka ce kuma sai a ƙara da rikicin inci, 3/8 mai zare 16 a kowane inci yana kama da M10 sosai, 5/16 mai zare 18 yana kama da M8, kuma dukkansu kusurwar zarensu digiri 60 ce shi yasa suke yarda su fara shiga kafin su tsaya. Kuma kar lambar sifana ta ruɗe ka, kan bol M10 na Japan lamba 14 ne, na Turai 17 ko 16, to cewa "ba ni lamba sha huɗu" bai gaya maka komai a kan zaren ba.

Yadda za ka gane abu ne mai sauƙi. Ka nemi wani bol na kamfani mai kauri ɗaya a jikin shasin ka kwance shi, ka haɗa zarensa da na sabon gefe da gefe ka ɗaga sama wajen haske, in tazararsu ɗaya za su rungumi juna ba haske a tsakani, in ba ɗaya ba za ka ga suna hawa kan juna. Ko ka sa rula ka auna tazara goma, in ta ba ka milimita 12.5 to 1.25 ne, in ta ba ka 15 to 1.5 ne. Akwai kuma ɗan ma'aunin zare mai haƙora kamar zarto, wanda duk mai taɓa mota ya kamata ya ajiye ɗaya. Shi ramin kuma, ka duba ɗan'uwansa na ɗaya gefen, wani lokaci za ka samu an toshe shi da roba ko an liƙe da tef tun daga kamfani yana nan tas, sai ka gwada bol ɗin a can da hannu.

In ka tabbatar bol ɗin na gida ne, sai wanki. Ka tsaida motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin hannu, in ka ɗaga ta to ka sa mata madogara ta ƙarfe kar ka kwanta ƙarƙashin jak kaɗai, kuma ka sa tabarau don duk abin da ka sosa a idonka zai sauka. Ka fara a bushe, wannan wurin mutane ke kuskure, suna zuwa sai su fesa mai a kan busasshiyar laka ta koma kwaɓaɓɓen abu mai yashi a ciki, wanda shi kansa cin zare yake yi. Ka sa tsinken ƙarfe mai lanƙwasasshen baki ko ƙaramin sukundireba ka ƙwaƙule abin da zai fita, ka bi kwarin zaren kana zagayawa, ka hura da iskar kwamfuresa, in babu ko famfon taya ya yi. Daga nan sai burushin waya mai siffar kwalba wanda ya ɗan fi ramin kauri kaɗan, ka murɗa shi ciki kamar yadda bol zai shiga ka murɗo shi waje, kana iya ɗaura shi a bakin diril amma a hankali. Sai yanzu ne za ka fesa man sassauta tsatsa irin su WD-40, ka ba shi lokaci, minti ashirin ko talatin, in tsatsar ta yi yawa ka bar shi ya kwana ba abin da za ka rasa, ka sake bi da burushi, ka wanke da abin wanke birki, ka hura. Ramuka da yawa daga nan ma sun warke.

Wanda bai warke ba shine ya kawo mu maganar abokinka na biyu, kuma shi ya fi kusa da gaskiya, sai dai akwai gyara. Taf an yi shi ne don ya yanka sabon zare a ramin da ba shi da zare, bakinsa kaifi ne, aikinsa cire ƙarfe. In ka sa shi a tsohon zare zai share dattin kam, amma zai iya haɗawa da ɗan naman notin ya tafi da shi, sai ka ga bol ya shiga salin-alin kana murna alhali ya ɗan yi sako-sako, ƙarfin riƙonsa ya ragu. Mafi muni kuma in ka fara shi a karkace, ba zai yi maka gardama ba, sabuwar hanya zai yanka a kan tsohuwar ya gama da ramin gaba ɗaya. Ga shi kuma ƙarfensa mai tauri ne ƙwarai amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi farat ɗaya, kuma taf ɗin da ya karye a rami bakin diril na yau da kullum ba ya cin sa, wlh ba na yi wa ko maƙiyina fatan wannan aikin a kwance ƙarƙashin mota.

Abin da ya dace da aikinka shine ɗan'uwan taf ɗin da ake kira cesa, kamarsu ɗaya da bol mai tsagi a jiki, ba shi da kaifin yanka, shi bin zaren da ke nan yake yi yana kankare tsatsa da fenti yana miƙar da inda ya ɗan lotsa. Ana sayar da su saiti-saiti. In ba ka samu ba ka yi naka, ni wannan na fi so ma don ba ya karyewa a rami. Ka samu bol mai kyau mai irin zaren ramin, wanda aka buga wa lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9 a ka, ka ɗaura masa noti ka tura shi can sama, ka yanka tsagi biyu ko uku a tsaye a jikin zaren daga baki zuwa kamar santimita biyu da zarton ƙarfe ko siririn faifan giranda, ka ɗan goge bakin da magagari, sannan ka kwanto notin nan ya bi ta kan tsagin ya share ƙaiƙayin da yankan ya bari. Tsagin nan shine wurin da datti zai taru maimakon ya cushe a gaba.

Yadda ake tafiyar da shi ya fi shi kansa muhimmanci. Ka shafa ɗan giris a cikin tsagin don ya kama ɓarɓashin, ka ɗora a bakin ramin ka tabbatar a miƙe yake ka duba ta gefe biyu, ka fara juya shi baya tukuna a hankali har ka ji ya yi ɗan "ƙas" ya faɗa mazauninsa, wannan ne farkon zaren, sai ka juya gaba da yatsu. In yatsu sun gaji ka sa ƙaramar sifana, ƙarama fa, don doguwa tana ɓoye maka abin da hannunka ya kamata ya ji. Rabin zagaye gaba, kwata baya, rabin zagaye gaba, kwata baya, bayan zagaye biyu ko uku ka fito da shi gaba ɗaya ka goge ka hura ramin ka sake. Abin da ban haushi na sani, ga wuya na ciwo ga ƙasa na zuba a fuska, amma rami ɗaya bai fi 'yan mintoci ba. In ka ji tauri yana ƙaruwa a hankali datti ne ka ci gaba da haƙuri, in kuwa ka ji ya tsaya cak lokaci ɗaya kamar ya daki bango to ka fito ka haska tocila ka gani, ko dai ka karkace ko akwai guntun tsohon bol ko dutse a ciki. Ban ce taf haramun ba ne, in zaren farko ya murƙushe har cesa ta kasa kamawa to taf mai siririn baki ne zai buɗe, amma da hannu, da mai, kuma da zarar ya wuce wurin da ya lalace ka koma wa cesa.

Ma'aunin gama aiki ɗaya ne, bol ɗin da za ka ɗaura ya shige da yatsu tun daga baki har inda zai tsaya ba tare da sifana ba. Wani zai ce ai wannan tsanani ne, tunda dai ya shiga da sifana ba shikenan ba? To ba shikenan ba ne, ga dalili. Ƙarfin da kake sawa a sifana, kusan kashi 90 cikin 100 gogayya ce ke cinye shi, a ƙarƙashin kan bol da cikin zare, kusan kashi 10 ne kacal ke zama ainihin matsin da ke riƙe kayan, wannan fa a zare mai tsabta kenan. In zaren da tsatsa da yashi gogayyar ta ƙaru, sifanar awo, wato mai auna ƙarfin ɗauri, za ta yi maka ƙara ta ce ya kai alhali ƙarfen bai matsu da shasi yadda ya kamata ba, kai kana ganin ka ɗaure tam, mota na fara shiga gargada dattin ya murƙushe ya zube, bol ya saki. A matakala wannan ƙara ce kawai da girgiza, a ƙarfen jan tirela kuwa magana ce ta rai, naka da na wanda ke bayanka.

Wajen ɗaurawa, ka sa dukkan bol ɗin da hannu su kama zagaye uku huɗu kafin ka matse ko ɗaya, in ka matse na farko sauran ramukan ba za su yi daidai ba sai ka fara tilasta su a karkace, ka ɓata zaren da ka gama wahalar gyarawa. Ka bi adadin matsin da takardar kayan ta rubuta. In ba ta rubuta ba, abin da aka saba a bol mai 8.8 a bushe shine wajen Nm 25 (ma'aunin da ke jikin sifanar awo) ga M8, wajen 50 ga M10, wajen 85 ga M12, mai 10.9 kuma ya fi haka. Ka lura da tsawon bol ma, in ya yi tsawo zai je ya tokari bangon shasi na ciki ko wani abu, ya yi tauri kamar ya ɗauru alhali washa tana juyawa da yatsa. Bayan ka yi 'yar tafiya da motar, musamman bayan jan kaya na farko, ka sake bin su da sifanar awo. Ramukan da ba ka yi amfani da su ba kuma ka shafa musu giris ka toshe da roba ko ka ɗaura musu gajeren bol, wata rana za ka neme su.

TAMBAYA: Salam Malam, ni tawa ta riga ta faru, ina ɗaura farantin kare ƙasan inji sai na ji ƙas, yanzu bol yana juyawa kawai ba ya shiga ba ya fita. Mai walda ya ce in kawo ya yanka shasin ya walda sabon noti. In yarda?

AMSA: Sannu malam, notin ciki ne ya rabu da waldarsa. Kar ka yi saurin yarda a yanka, yankan shasi shine mataki na ƙarshe ba na farko ba. Fara da fitar da bol ɗin, ka sa ƙarfen ɓanɓare ko babban sukundireba a ƙarƙashin kan bol ko farantin ka danna ƙasa da ƙarfi yadda notin zai matsu da bangon ta ciki, kana danne kana kwancewa a hankali, sau da yawa ragowar waldar tana kama bangon ya fito. In ya ƙi, ka yanke kan bol ɗin ka tura sauran ciki, ka jawo shi da maganaɗisu ta wani ramin, kar ka bar shi ciki zai dame ka da ƙara.

Daga nan ka duba kusa, shasi yana da manyan ramuka nan da can, in akwai wanda sifana za ta shiga to an gama, sabon noti da washa mai faɗi kawai. In babu sai dabarar waya, ana tura siririyar waya mai murɗaɗɗen baki ta ramin bol ɗin ta fito ta babban rami, a zura ɗan faranti mai rami murabba'i, a murɗa bol mai wuyan murabba'i a bakin wayar, a jawo su ta ciki har zaren bol ya leƙo waje, farantin ya tokare bango ya hana shi juyawa, sai a ɗaura noti ta waje. Masu ƙera ƙarfen jan tirela da kansu suna amfani da wannan hanyar a motocin da ba su da notin ciki, to ba dabarar 'yan kame-kame ba ce. Akwai kuma notin da ake cusawa a matse kamar ribit, a faranti mara nauyi zai yi, amma ban yarda a ɗora masa ƙugiyar ja ko ƙarfen tirela ba.

In dai har sai an yi walda, to a cire kan batir, a duba bututun mai da na birki da wayoyin wuta don a jikin shasi suke bi, kuma kar a taɓa leɓen sama da na ƙasa na shasin da huda ko yanka, nan ne nauyi ya fi taruwa kuma daga nan tsagewa ke farawa, kamfanonin manyan motoci har gargaɗi suke liƙawa a kan haka. Sannan in ka fesa abin wanke birki a wurin, a bari ya bushe sarai kafin wuta ta zo kusa, wani irinsa kamawa yake yi, mai sinadarin kulorin kuma in ya ji zafin walda iska mai guba yake fitarwa wadda kaɗan ɗinta ke lalata huhu.

TAMBAYA: Oga ni tambayata gajeriya ce, bayan na wanke ramin me zan shafa wa bol, giris ko gam ɗin nan shuɗi? Kuma in sa bol na silba mara tsatsa ba ya fi ba?

AMSA: Ƙanina ɗaya za ka zaɓa, ba a haɗa su, gam ba ya kama zaren da ke da giris. In abin da kake tsoro girgiza ce, kamar matakala ko ƙarfen gaba, to gam shuɗi irin Loctite 243, ɗigo biyu ya isa, a kan zare busasshe mai tsabta, kuma shi ma yana toshe zaren ya hana ruwa shiga. Ja kuwa ka bar shi, ba ya kwantuwa sai an gasa shi da zafin da ya kai wajen digiri 250 na ma'aunin Celsius, ka ga a notin da 'yar walda ke riƙe da shi wannan neman magana ne. In kuma abu ne da za ka riƙa cirewa kana mayarwa, kamar farantin ƙasan inji da ake saukewa wajen juyen mai, to man hana cijewa mai ruwan tagulla ya fi, sai dai ka tuna zare mai maiƙo ya fi santsi, in ka matse shi da adadin busasshe ka wuce gona da iri, ka rage kamar kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Inda takardar kayan ta ce a bushe, to a bushe ɗin.

Bol mara tsatsa kuma kyan gani ne da shi amma wanda aka fi samu, mai alamar A2-70, bai kai 8.8 ƙarfi ba balle 10.9, ga shi da halin cijewa in ya ji zafin murɗawa. A fitila ko madogarar lamba ba laifi, amma duk abin da zai ja kaya ko ya ɗauki nauyin mutum ka sa masa irin lambar da masu kayan suka sako ko wadda suka rubuta, in ka duba kan bol ba ka ga lamba ko ɗaya ba ka mayar da shi cikin kwali.